Kwalaben da ban san abin da ke cikinsu ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Admin a taimaka a sakaya sunana, Katsina kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina.

Ni tattalin arziki na karanta a jami'a, sai dai shekara tara na yi a wani shagon taki da maganin feshi a Ƙofar Kaura, har warin ya fara taɓa mani ƙirji, likita ya ce in nemi wata sana'a. Kawuna ya kai ni wurin abokinsa, wani Alhaji mai makarantar kuɗi ta 'yan mata a hanyar Batagarawa. Na ɗauka lissafi za a ba ni, sai ya ce malamin kemistiri ne babu. Tun ranar na faɗa masa ban karanta ba, ya yi dariya, wai wanda ya shekara tara cikin magunguna ai ya fi mai digiri. Ga iyali, ga zaman banza, na karɓa.

A aji ina lallaɓawa, in karanta da safe in koyar da rana, shafi biyu kacal na fi yaran. Ɗakin gwaji ne matsalar. Malamin da na gada, da faɗa ya tafi, ko takarda bai bari ba, kwalabe ne jere a kabad, wasu rubutun jikinsu ya goge, wasu murfin ya cinye. Makon jiya na shiga ni kaɗai in gwada sirka asid da ruwa kafin in yi a gaban yara. Yadda na saba gani wurin manoma, magani ake fara zubawa a tankin feshi sannan a bi shi da ruwa, haka na yi. Wallahi kafin in janye hannu abin ya tafasa ya fantsamo, ya ƙone mani bayan hannu, hannun rigata ya huje kamar an ɗosana garwashi. Sai daga baya na gani a littafi, ashe ruwa ake fara zubawa. A gida na ce mai ne ya fallatso mani wurin mai ƙosai.

Na je na nuna wa Alhaji hannun, na ce a nemo wanda ya san aikin ko da na wata ɗaya ne. Ya hau ni da faɗa, wai ya riga ya miƙa sunana ga masu jarrabawa, in na janye yanzu za a hana makarantar yin jarrabawar gwajin kemistiri, yaran su yi asarar shekara, kuma ni za a ce na jawo. Ya kira Kawu, shi kuma ya ce in na kunyata shi kada in ƙara taka masa ƙofar gida. Ba wanda ya tambaye ni ya hannun. Abin ya ƙona mani rai fiye da asid ɗin.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a wajen hasumiyar Gobarau, wani dattijo tela ya tare ni, ya riƙe mani hannun nan mai bandeji yana cewa, "Malam, ɗiyata Rukayya ba ta da zance sai naka. Likita za ta zama in sha Allahu. Amana na bar maka ita." Na san Rukayya. Ita ke zama gaba saboda ba ta gani sosai, komai aka ba ta sai ta kai shi dab da idonta.

Litinin za mu fara gwajin, yara talatin da wani abu, makullin ɗakin yana aljihuna, kuma tsoro nake ji. In tafi in faɗa wa iyayen gaskiya, yaran su rasa shekara, in rasa aiki da kawuna? Ko in buɗe ƙofar nan in yi ta addu'a? Ku da kuke da 'ya'ya a makaranta, da Rukayya taku ce, me za ku so in yi?