Ƙwayoyin da na wanke a haɓar zanena

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup, barkanmu da damina. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, garin namu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda zai zage ni ya zage ni, na riga shi zagin kaina.

Ni matar aure ce a Matameye, muna zaune a gidan gandu tare da uwar mijina da muke kira Iya, da ƙanen mijina da matarsa. Yarona guda ne, shekarunsa biyu da 'yan watanni, bari in kira shi Sani duk da ba sunansa ba ne. Kun san maganin nan na rigakafin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, da ma'aikata ke bi gida gida suna ba yara duk wata idan ruwa ya sauka. Su ba yaro na farko da hannunsu, su bar wa uwa ƙwayoyi biyu rawaya, ɗaya gobe ɗaya jibi. Watan farko na ba Sani duka, da kokawa da amai da komai, don yaron nan in ya datse baki sai ka rantse an sa masa kwaɗo.

Wata na biyu suka zo da safe ina ta shirin tafiya bikin 'yar ƙanwar babata a Kance. Suka ba shi nasa, suka miƙo mini sauran, ni kuma hankalina duk yana wurin mota, na ƙulle su a haɓar zanena kamar yadda muke ƙulle canji, na ce zan ba shi a can. A can kuwa ko tunawa ban yi ba, ga girki ga baƙi ga hira da waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Da na dawo na haɗa kayan tafiya na jiƙa na wanke, sai wajen shanya na ga haɓar ta yi rawaya, na kwance ƙullin na tarar 'yar ledar ƙwayoyin ta fashe, komai ya narke. Amma maimakon in je gidan likita in karɓo wasu, kunyar faɗan madam ɗin wurin ta hana ni, don matar nan in ta fara yi maka tijara a gaban layi har ka fita ba ta gama ba. Na lallashi kaina da cewa ai na farkon shi ne babba. Maigida ya tambaye ni ko yaro ya shanye, na ce e. Iya ta sake tambaya, da yake tana da naci, sai na ji bakina ya ce wallahi ya sha.

Kafin wata ya zagayo jikin Sani ya yi zafi, na ba shi siro, wato maganin ruwa na yara, na ce haƙori ne. Washegari da hantsi ya fara jijjiga, idanunsa suka juye, muka ɗauki kabu-kabu sai asibiti. Aka ce palu ne ya cinye masa jini, babansa ya kwanta aka ɗebi nasa aka ƙara masa. Likita ya tambaye ni ko ya sha maganin rigakafin duka, a gaban maigida da Iya da ta yi tsaye a kaina, na sake cewa ya sha. Ban ce da ya sha ba zai kamu ba, Allah ne masani, amma ni dai na san abin da na yi. Alhamdulillahi Sani ya tashi, yanzu haka yana tsakar gida yana bin kaji, ya rame dai amma yana cin tuwonsa.

Da a nan abin ya tsaya da na yi shiru na ci gaba da istigfari tsakanina da Ubangijina. To Iya ta ɗauki maganar ta fita da ita. Duk gidan suna da gidan gaisuwa sai ta ba da labarin jikanta da ya shanye magani tas amma ya kusa mutuwa, tun tana cewa maganin banza ne har ta koma cewa shi ne ma ke tayar da ciwon da ke kwance. Kuma ita ce mai wankan jego a unguwarmu, rabin yaran layin nan ta hannunta suka bi, in ta yi magana mata ba sa musu. Maigida ma da ba ya shiga zancen mata ya ce bana kada ma'aikatan nan su sake taka masa zaure. Na ɗan ce ko a bari a sake gwadawa, ya yi mini wani kallo ya ce ko jinin da aka ɗiba a jikinsa bai ishe ni ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne facalata, matar ƙanen maigida. Muna zaman lafiya da ita sosai, ita ta kwana da ni a asibiti tana yi mini wanki. Tana da 'yar goyo da ba ta cika shekara ba, yarinya ce marar ƙwari, tun haihuwa ba ta taɓa yin ƙiba ba, ga sauron bana ga kududdufi a bayan katangarmu. Jiya mai shela ya zagaya ya ce masu magani za su shigo cikin satin nan. Muna daka na ce mata ta ba 'yarta ko a ɓoye ne, ta tsayar da taɓarya ta dube ni ta ce, “Haba Yaya, ke da kika ba naki duka, me ya hana? Ai na gode Allah da na gani a kan Sani, kin tsirar mini da 'ya.” Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka, tana yi mini godiya a kan ƙaryata.

In na faɗi gaskiya, maigida mutum ne da ke haƙuri da komai ban da ƙarya, ya taɓa ƙaurace mini kusan wata guda a kan abin da bai kai wannan ba, balle yanzu da ya ga ɗansa yana shure-shure a hannunsa. Iya kuma na rantse mata da Allah, na bar ta ta yi ta yawo da magana a gari, ranar da ta gane na kunyata ta ban san ko zan sake shan ruwa a gidan nan da daɗi ba. In kuma na yi shiru, Sani ba zai sha ba, 'yar facalata ba za ta sha ba, da sauran yaran layi da ban ma san adadinsu ba.

To ya zan yi, 'yan uwa? In fara faɗa wa facalata ita kaɗai, alhali na san ba ta iya riƙe magana? In je wurin madam ɗin da na guje wa tun farko in roƙe ta ta zo ta yi wa Iya bayani ba tare da ta tona ni ba, ko wannan ma wata ƙaryar ce? Ko in durƙusa gaban maigida in faɗa masa kome, abin da zai faru ya faru? Ku taimake ni da wuri, don in wani abu ya sami yarinyar nan, ni ce zan zauna kusa da uwarta ina karɓar gaisuwa.