Yanyawar Hajo

Zaitawa, Birnin Kano
Afrilu, 1954

Zuwa ga 'yata Zinariya, a Gusau.

Gaisuwa mai yawa da sa albarka daga mahaifinki. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Shehu da yara. Mu nan sai godiya.

Bayan haka, kin tambayi jikin innarki Hajo. Tun da sanƙarau ya ɗauke yayanki ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ɗan fari ne. Yana raye kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ba, balle ta rungume shi, to ya mutu ma kunyar ta hana ta kuka. Sai ta daina cin abinci. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza.

Ana nan sai wani maharbi da nake ɗinka wa jaka ya kawo mini 'yar yanyawa, dabbar dajin nan mai kama da ƙaramin dila, kunnuwan sun fi jikin girma. Fatar kawai nake so. Hajo ta gan ta a kwando tana karkarwa, ta ɗauke abarta. Yanzu nonon akuya take ba ta da tsumma, ta ɗora ta a cinya tana yi mata waƙar reno. Ina jin waƙar na san ba ta yanyawa ba ce. Amma innarki ta koma cin tuwo, don haka ko kura ta ɗauko ba zan hana ta ba.

A gaida yara. Ni ne mahaifinki,
Ilu Baduku

Yuli, 1954

Zinariya, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yanyawar nan ta girma, ta kuma fara nuna halinta. Ta shiga gidan maƙwabciyarmu Asibi ta kashe mata kaji, ta kuma ciji hannun Asibi da ta zo korar ta. Na ba da haƙuri har bakina ya gaji.

Don a zauna lafiya na kira wani gardi, irin masu yawo da kura, ya cire mata fiƙoƙi kamar yadda suke yi wa tasu. Ta yi kwanaki ba ta iya tauna. Hajo ce take tattauna nama ta sa mata a baki.

Cizo ya ƙare, amma haƙa ba ta ƙare ba. Duk inda ta ga ƙasa sai ta tona, ga shi gidan duk ƙasa ne. Na cike rami a gindin katanga da safe, kafin la'asar ta buɗe wani. Mun yi mata wanka, mun ɗaura mata laya, mun ba ta shimfiɗa, amma har yau daji take nema a ƙarƙashin gidanmu. Ga damina ta kankama. Wallahi ina jin tsoro.

Mahaifinki,
Ilu

Agusta, 1954

'Yata, ina gaishe ki da zuciya mai nauyi. Allah ya sa kuna lafiya.

Ruwa ya bi ramukan, katanga ta faɗa kan madafar Asibi tana ciki, ta karya mata ƙafa. Mai unguwa ya ce yanyawa ta bar unguwa a ranar, kuma gaskiyarsa ce. Na sa ta a buhu na fita da ita ta Ƙofar Nassarawa har bayan gonaki. Da na kwance buhun ba ta gudu ba, biyo ni ta yi. Sai da na jefe ta da hoge sannan ta rabu da ni. Ba fiƙa a bakinta, ko ɓera ba za ta iya kamawa ba. Mun hana ta zama ta daji, mun kasa mai da ita ta gida.

Na dawo na gaya wa Hajo. Ba ta yi kuka ba. Ta kife kwanonta, har yau ba ta ɗaga shi ba, ko koko ba ta karɓa.

Jiya mata sun cika gida suna ba ta baki. Ta ɗago ta dube ni, matar da tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa faɗin sunana ba, ta kira ni Ilu ƙiri-ƙiri, ta tambaye ni wa kuma ya rage in kai bayan gari.

Ki roƙi Malam Shehu ya sako ki a jirgin ƙasa na farko. Ki zo ki same ta da rai.

Wassalam,
Ilu