Sunan Ok-bun a Jikin Gilashi

Daegu, 3 ga Afrilu, 2005

Zuwa ga 'yata Eun-sil,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigidan naki? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani.

Monitar mahaifiyarki ta lalace. Ranar Talata na kunna, ta yi ƙas-ƙas, sai duhu. Shekara shida ta yi tana buga baduk, darar nan tamu, a kwamfutar nan ba ta kashewa, har layukan allon wasan da sunanta suka ƙone, suka zauna a jikin gilashin. Tun rasuwarta, kullum da safe sai na kunna na ga "Ok-bun" kafin in sha shayi.

Na kai wa Bang mai gyara, wai in jefar in sayi ta zamani. Da na ce zan buɗe da kaina, har riƙe mini hannu ya yi, wai ko an zare waya wutar da ke kwance a ciki tana iya kashe mutum. Ni da na shekara talatin ina gyaran injin saƙa!

Na san za ki ce in bar ta, tunda ko a kashe ana ganin sunan in an juya ta wajen taga. Ana gani, amma dishi-dishi. Ni da haske nake son ganinsa.

Ki gaida mutanen gida.
Mahaifinki,
Pyo Man-sik

Daegu, 12 ga Afrilu, 2005

'Yata Eun-sil,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Na buɗe. Kwana biyu na bar ta a zare, na ɗauka wutar ta tsiyaye. Ina zura sukundireba ƙarƙashin robar da ke manne da tulun gilashin da ke cikin monitar, sai wuta ta fizge ni har kafaɗa. Likita ya ce ƙunar za ta warke, ya kuma ce da ɗaya hannun yana kan ƙarfe da yanzu kina makokina.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Da wutar ta wurgar da hannuna, ya bugi siririn wuyan tulun, wuyan ya karye. Ina kwance a ƙasa na ji iska tana shiga, fuuu. Da na iya tashi na zagaya gaba. Iskar ta kwashe hodar da ke shafe a cikin gilashin, daidai inda sunan yake. Na juya ta wajen taga ta kowace fuska. Babu.

Kash, Eun-sil. Wata goma sha ɗaya da rasuwar mahaifiyarki tana ajiye lafiya a gilashin nan, ni na goge ta da hannuna. Kunya ta hana ni bi ta ƙofar Bang.

In kin rubuto, ki yi mini faɗa yadda uwarki za ta yi. Kada dai ki ce ba komai.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki,
Pyo Man-sik