Kada Kaka ta kunna hita

Rethabile,

Na wuce makaranta kina barci, yau ɗalibaina ke jarrabawa. Ki yi haƙuri, laifina ne. Wake na ɗora a kan hitar kananzir da muke ɗumama ɗaki da ita, ya tafasa ya zubo, lagwani ya jiƙe. Na goge, na datse bakinsa, na kunna har sau uku, baƙin hayaƙi kawai take yi. Kaka tana tari tana cewa, "Malama guda, wake ya kayar da ke!"

Kin san ta. Sanyi na kama ta za ta toshe ƙasan ƙofa da bargo, ta kunna abarta, ƙirjinta kuwa ba zai ɗauka ba. Ki kai ta gidan maƙwabciyarmu Mathato ta ji ɗumi, zan taho da sabon lagwani ƙarfe biyu.

Ashanar gidan duka tana jakata. In Kaka ta hau faɗa, ki ce ni ce.

Yayarki,
Moliehi