Tukubar da Na Musanta

Ammariyya, Jidda
5 ga Zulƙida, 1408

Zuwa ga uwargidana Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yarmu Zaituna. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. A gaishe mini da mutanen Malumfashi kaf, har da waɗanda suka ce ba zan yi wata uku a Jidda ba.

Yayanki Alhaji Muntaka ya iso lafiya a jirgin farko. Na je Madinatul Hujjaj, inda ake sauke alhazanmu, na ɗauko shi da abokan tafiyarsa a sabuwar motar, na kai su ofis. Kin san ni, ban rage komai ba. Na kunna musu na'urar sanyi, na sa aka kawo shayi, na nuna musu babban sikelin da muke awon kayan alhazai kafin mu aika gida. Ya zagaya ya zagaya, ya ce shi dama tun ina yaro ya ga alamar arziki a goshina. Ban tuna masa cewa shi ne ya ce kada a ba ni ke ba, wai a aji uku na sakandare na tsaya. Na dai yi murmushi, don ranar tawa ce.

To, Luba, da a nan aka tsaya da ban rubuto miki doguwar takarda ba.

Ɗaya daga cikinsu ya ce tun a gida ake ba shi labarin wani tsire a Mahjar wanda har Larabawa ke yi wa layi, shi kuwa ba zai wuce Madina ba sai ya ɗanɗana. Na ce ga kifi a bakin teku, ga shinkafar Larabawa da rago. Suka ce su tsire. Na ce unguwar da nisa. Yayanki ya ce to motar ta mece ce? Haka na ja su bayan la'asar.

Tukubar tana nan yadda na gina ta da hannuna, har bulon nan da ya karkace. Lado na kanta. Ba sai na gaya miki wane ne Lado a wurina ba: tare muka zo umra muka ƙi komawa, tare muka hura wutar farko, lokacin kina daka mana yaji da ƙuli a ɗakin kwanon nan da ko taga babu. Kuma kin san ƙa'idarmu, in wanda ya kafa wuta ya zo da baƙi, duk wanda ke kan tukuba sai ya miƙa masa wuƙa ya yanka musu da hannunsa. Lado na hango ni ya goge hannu a riga, ya ɗaga murya wai mu'allim, wato maigidan wuta, ya zo, a ba da hanya. Ya juyo da ƙotar wuƙar ya miƙo mini, yana dariya har kunne.

Na mayar da hannuwana baya.

Na yi wata dariya da ban san ina da irinta ba, na ce wa baƙin wannan bawan Allah akwai barkwanci, a wajen awon kaya muka saba, ni ina ni ina wuƙa? Yayanki ya ce ai mahauta akwai shisshigi, su a gidansu ko moɗar ruwa ba sa haɗawa da su. Aka yi dariya. Luba, har da ni aka yi.

Ban tsaya nan ba. Da ya naɗe mana naman, na sa hannu a aljihu na biya shi, kamar wani baƙon da ya tsaya a mota. Ya dubi hannuna, ya dube ni, ya karɓa. Ya ce, “Na gode, Alhaji, Allah ya ƙara girma.” Tun da muke da shi bai taɓa ce mini Alhaji ba, ko ranar da na sauko daga Arfa.

Sun cinye tas a cikin mota. Yayanki yana lasar yatsa yana cewa duk wadda ta fara haɗa yajin nan ta san hannunta. Ni ko tsinke ɗaya na kasa kaiwa baki.

Ban san abin da nake so ki ce mini ba. Ke kaɗai ce dai zan iya gaya wa. Na ba wani ma'aikacin jirgi takardar nan don ta yi sauri. Ki shafa mini kan Zaituna.

Wassalam. Mijinki,
Alhaji Badaru Malumfashi

Ammariyya, Jidda
27 ga Zulƙida, 1408

Zuwa ga Lubabatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara tashi zaune har tana shan fura. Allah ya cika mata lafiya. Yaya Zaituna da makaranta?

Amsarki ta zo ta hannun alhazan jirgin ƙarshe. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma kika ce ashe ranar ba Lado kaɗai na ce ban sani ba, har da matar da tafin hannunta ya yi kanta wajen daka mini yaji. Na so in ji haushi. Na ɗauki biro in rubuta miki cewa don ke na yi, don kada a ce 'yar gidan malamai tana auren mai tsire, don kada gobe masu neman Zaituna su bincika su ja da baya. Na rubuta layi biyu na yaga. Ƙarya ce. Ke ba ki taɓa roƙona in bar wuta ba. Ranar da na bar tukuba na koma ofis ma, ke ce kika tambaye ni ko na tabbata. Don kaina na yi, don in shiga Malumfashi a ce Alhaji Badaru na Jidda ya zo, a tashi a ba ni kujera.

Jikina ma ba daɗi. Kaina yana sarawa kamar ana faskare a ciki. Na je wurin Dakta Yahya, ɗan Bauchin nan da ke aiki a asibiti a nan, ya ɗaura mini abin awo a hannu ya ce jinina ya hau. Ya tambaye ni me ke damuna. Sai na ji ina lissafa masa: iƙamata ta zaman ƙasa tsaf take, kafilina da ya tsaya mini mutumin kirki ne, ga ofis, ga mota, ga ni ma'ajin ƙungiyar 'yan garinmu. Ya bari na gama, ya ce ai ba abin da nake da shi ya tambaya ba. Na karɓi ƙwayoyina na fito.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa miki ba ita ce, tun da na hau kujerar nan ban taɓa wuni guda ina murna da aikin ba. Daga safe idona na kan agogo. Alhaji ya kawo akwati kamar ya cusa raƙumi a ciki, a auna, ya rantse sikeli ne ya yi ƙarya, a yi ta musu har la'asar. In na rufe ofis sai in ji kamar ban taɓa komai ba tun safe. Da na ga haka sai na ce ai ofishin ne ya yi ƙanƙanta, na ƙara ɗaki. Na ce motar ce ta tsufa, na sauya. Watan jiya har na fara neman shago a kasuwar Balad in buɗe reshe. Kullum ina ganin abin da ya rage yana can gaba kaɗan, sai na isa in tarar babu.

Amma a tukuba fa? Zafin Jidda a sama, garwashi a ƙasa, ga tsoron 'yan kame lokacin ba mu da takarda, duk da haka sai dai in ji an kira magariba. Ina jin nama ya nuna tun daga ƙarar kitsensa, ba sai na duba ba. In na ga mutum ya kai loma ya lumshe ido, wallahi ji nake kamar an ba ni Jidda da abin da ke cikinta. Na san wannan tuntuni. Na dai yi ta daka rawar wasu har na rasa turmin daka tawa.

Na je Mahjar sau biyu in ba Lado haƙuri. Duk biyun na tsaya a bakin kwana, ina hango hayaƙi daga cikin mota, na kasa buɗe ƙofa. Mutumin da ya shigo ƙasar nan da jaka ɗaya bai ji tsoron kowa ba, ga shi ƙofar mota ta gagare shi. Ki yi mini addu'a, kuma kada ki gaya wa Inna zancen jinin nan.

Ki huta lafiya. Mijinki,
Badaru

Jidda
24 ga Zulhajji, 1408

Zuwa ga Luba,

Assalamu alaikum. Barkanmu da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi layya lafiya, jikin Inna kuma yana ta ƙara kyau. Ki ce wa Zaituna kayan sallarta suna cikin akwatin kawunta.

Ranar salla bayan an sauko idi na ce yau ko ana ha maza ha mata sai na sauka daga motar nan, ai ba a korar mai barka da salla. Na tarar da Lado shi kaɗai yana ta kokawa da buhun gawayi zai ɗora a akori-kura. Ashe duk masu taya shi aiki sun tafi Mina neman na kansu, kin san yadda ake yi lokacin Hajji, ga shi wani babban gidan Larabawa a Ruwais sun yanka raguna sun ce shi zai gasa musu. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Sai kawai na kama ɗaya kunnen buhun. Ya tsaya ya dubi farar shaddata, ya ce za ta ɓaci fa, Alhaji. Na ce ta ɓaci.

Muka ɗora buhun, na shiga akori-kurar muka nufi Ruwais. A can magana ɗaya ce tsakaninmu, miƙo wannan, juya wancan. Hannuna ya yi laushi, Luba, na ƙone a wuri uku kamar sabon shiga, bayana ya riƙe, hayaƙi ya sa ni hawaye. Wata tsohuwa a gidan tana ta leƙowa tana cewa yalla yalla, wato mu yi sauri, jikokinta sun kewaye mu da faranti. Ban san azahar ta yi ba sai da maigidan ya shimfiɗa mana darduma. Da na koma gida na kwanta da ƙaurin jikina, ban farka ba sai da rana ta haska ɗakin. Asuba ma sai ramawa na yi, Allah ya yafe mini.

A hanyar dawowa ne na ba shi haƙuri. Ya ce shi ba a cikin mota aka ce ba a san shi ba.

Na gane. Don haka da su Alhaji Muntaka suka dawo Jidda jiran jirgi, na ce su zo in sake kai su cin tsire. Muna isa na tuɓe babbar riga na ajiye a kan mota, na zagaya bayan tukuba na tsaya kusa da Lado. Na ce musu abin da na faɗa rannan ƙarya ne. Wannan wutar ni na kafa ta, da ita na sami iƙama, da ita na buɗe ofishin da suka sha sanyi a ciki, wannan mutumin kuma ɗan'uwana ne. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tsayuwar ba, kuma ban san wacce ta fi ba, ta ƙaryar ko ta gaskiyar.

Abokan tafiyar yayanki suka yi ta kallon ƙasa. Ɗaya ya ce ai sana'a sana'a ce, ya miƙa hannu ya ɗauki tsinke. Yayanki kuwa ya tambaye ni ko kin sani. Na ce yajin da ya yaba rannan haɗinki ne. Ya ce Allah ya kyauta, ya koma mota ya zauna har muka gama. Bai ci ba. A hanya abin da ya ce kawai shi ne ba zai gaya wa Inna ba sai ta warke. Shi zai kawo miki takardar nan, kada ki yi masa gardama a kaina.

Ofis zan riƙe shi har kayan alhazan bana su tafi, don amana ce. Bayan nan zan gaya wa kafilina halas, wato na gama, Jabiru magatakardana ya ci gaba in sun daidaita. Na san abin da zai shigo zai ragu, motar ma wataƙila a sayar. Kada ki zaci Lado ya shimfiɗa mini tabarma. Ya ce in dawo, amma daga tsinke zan fara, wato in zauna a kan benci ina soka nama kamar wanda ya zo jiya, a tukubar da na gina. Da ya faɗa sai da na ji haushi. Na haɗiye, na zauna. Yanzu kullum bayan la'asar can nake. Jiya ya ce, “Kai Badaru, wannan sukar taka ko ta makaho.” Na sunkuyar da kai don kada ya ga yadda na ji daɗi.

Saura ke. Alhazai za su sauka, magana za ta zaga Malumfashi, kuma ke za ki ji ta a gidan suna da gidan biki, ni ina nan nesa. Da tun farko na bar gaskiya ta tafi da ƙafarta, da yanzu ta tsufa an manta. Ni na ɓoye ta har ta zama abin faɗi, na bar ki da ɗaukarta. Ki yafe mini wannan.

In an tambaye ki aikin mijinki a Jidda, ki ce mai tsire ne. Ni ma yanzu nake koyon faɗa. Har yau takan ɗan maƙale mini a maƙogwaro, amma tana fita.

Ki gaida Inna da kyau. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Badaru