Mai Iska Ko Mai Ruwa

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ya ruwa, ya jirgi, ya gajiyar aiki? Mama na gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci, na ce mata mutumin da ke tsakiyar teku ai ko ba komai ba zai rasa kifi ba. Ta jefe ni da silifas.

Tunda ka ce saƙon murya ba ya buɗuwa a jirginku sai imel, to ga ni na zauna ina rubutu kamar 'yar makaranta. In ka ga kuskure ka haɗiye, ka san inda ni da boko muka raba hanya.

Maganar kwamfutarka ce. Wato tawa, amma har yau a gidan nan kwamfutar Yaya ake ce mata. Zafi take yi. Da na fara haɗa bidiyo sai fankarta ta ɗau kuka kamar injin markaɗe, can sai allo ya yi baƙi ɗif. Shekaranjiya ina gab da gama tallan mai jakunkuna, matar nan da na ce maka ita ce babbar kwastomata, sai abin ya ɗauke. Ba yau na fara ba ta haƙuri ba. Ta ce mini, "Auta, ina son aikinki, amma kaya ba sa jiran kwamfuta ta huce." Ka dai gane inda ta dosa.

Na kira Dogo mai gyara. Yana buɗewa ya ga igiyar robar da ka ɗaure fankar da ita, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wannan aikin Injiniya ne, ko a mafarki na gani zan gane." Ya ce abin da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya yi wa aikina kaɗan, dole a canza. Wai iri biyu ne. Akwai mai iska, wani ƙaton ƙarfe da fankoki a jikinsa. Akwai mai ruwa, mai tiyo biyu da ɗan famfo da lagireto irin na mota, har da fitilu masu canza kala. Ka san ni da ƙyalli, ba zan ɓoye maka ba, raina ya biya.

Amma ban bar shi ya canza ba. Ranar da za ka tafi, kana ɗaure jaka, ka ce, "Kar ki bari kowa ya taɓa cikinta. Fankar nan in na dawo ni zan canza ta da hannuna." Lokacin kwantiragi ɗaya ka ce za ka yi. Wannan na nawa ne yanzu? Ni dai na daina ƙirgawa, Mama ce ba ta daina ba.

To ya zan yi? Yanzu dai na cire mata murfin gefe, na juya mata fankar ɗaki. Ni ina zufa, ita tana shan iska kamar uwar ɗakina.

Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Mama. Saƙonki bai same ni ba sai da muka matso gaɓa. Ki gaya wa Mama ina cin abinci.

Na yi tunani a kan maganar. Ki sa mai iska.

A ɗakin injin da nake aiki ruwa ne ke sanyaya kusan komai, don haka na san halinsa. Yana ɗauke zafi sosai, amma yana son mai kula da shi. Famfo kan gaji. Ruwan kan ragu a hankali ba a sani ba. Tiyo in ya tsufa yana iya yoyo. Ba kasafai ba, amma ranar da ya yi, a kan kayan wuta zai zuba. Sai da wanda ya san sautinsa a kusa, yana ji ya gane yau ba daidai yake ba. Mai iska kuwa ƙarfe ne da fanka. Iyakarki ki hure masa ƙura. Zai yi shekaru ba ya neman kowa.

Ki ce wa Dogo ya auna faɗin akwatin kafin ya sayo, don manyan ba sa shiga kowane akwati. Ya goge tsohon man da ke kan furosesa ya sa sabo, ɗan kaɗan a tsakiya. Na yafe masa dariyar.

Kada ki rasa mai jakunkuna saboda maganar da na faɗa ina ɗaure jaka.

Ki gaida Mama da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Salam, ya aiki. Muna lafiya, sai kewa, ita kuma ba ta da magani a kemis.

Na karanta saƙonka. Daga nan na shiga waya kamar yadda ka san halina, na kalli bidiyo har ido ya yi mini ja. Na tambaya a gurup ɗinmu na masu haɗa bidiyo, aka kusa dambe. Wani ya ce mai ruwa gayu ne kawai, wani ya ce masa talauci ne ke magana. Wata ta turo hoton nata da ya yi yoyo, wani ya ce mata ai na bogi ta saya. Ƙarshe dai na gane duka biyun za su iya aikina. Babban mai iska bai fi mai ruwa rauni da wani abin kirki ba. Ka ga ƙanwarka ta zama malama.

Don haka ba gardama nake da kai ba, gaskiya ka faɗa. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. "Ba ya neman kowa." Na karanta, na rufe waya, na yi wanke-wanke, na dawo na sake karantawa.

Yaya, kai ne fa ka kwance agogon bangon falo don kawai ka ga abin da ke motsa shi. Kai ne kake tsayawa a shagon Dogo kana kallon masu tiyon nan a gilashi kana cewa wata rana. Yaushe ka fara son abin da ba ya neman kowa?

Bari in ba ka labarin Mama. Ka san ƙarar da fankar nan take yi, kar-kar-kar, saboda fiffikenta ɗaya da ya ɓare. Jiya da rana ina aiki, tana baranda tana ninke wanki, rediyo a gefenta. Da fanka ta ɗauka sai na ga ta miƙa hannu ta rage rediyon. Na leƙo na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce, "Yayanki na aiki." Sai ta tsaya da zane a hannu. Ta ce, "Au." Ba ta ƙara rediyon ba.

Da yamma na gaya mata za a canza fankar. Ba ta tambayi iska ko ruwa ba. Cewa ta yi, "Wa zai sa?"

Ni ma ita ce tambayata. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na iya karanta ka. Ka faɗa mini ba tare da famfo da tiyo ba.

Ƙanwarka mai surutu,
Auta

*

Auta,

Salam. Ina fatan kuna lafiya. Na jima ban amsa ba, kuma wannan karon ba laifin teku ba ne.

Kamfani ya yi mini tayin aiki a tudu, a tashar da ake gyaran jiragensu. Aiki ne na dindindin, da ɗaki, ba sauran yawo a ruwa. Sai dai wurin ya fi teku nisa da gida, don daga jirgi akwai ranar sauka, can kuwa zama ne. Sun ce in ba su amsa idan jirginmu ya shiga gyara. Ban sa hannu ba. Ban kuma ce a'a ba. Duk wanda na yi shawara da shi ya ce wauta ce in ƙi.

Shi ya sa na zaɓa miki abin da zai rayu ko ba ni. Na ɗauka ba za ki lura ba.

Kada ki gaya wa Mama tukuna. Labarin rediyon da kika ba ni, na karanta shi a lokacin hutu, ban iya gama shayina ba.

Yayanki

*

Yayana,

Salam. Mama lafiya, ban gaya mata ba. Amma ka san ta, tun safe take bina da ido tana cewa me ya sa yau wayata ba ta ƙara.

Ba zan ce kar ka karɓi aiki ba. Wace ni. Ka sha wahalarmu tun kafin in san hagu da dama, in ka samu inda za ka miƙe ƙafa Allah ya sa albarka. Da zuciya ɗaya na faɗa, ko da yake zuciyar tana ɗan kar-kar-kar.

Amma na sayi mai ruwa.

Ka yi faɗa in ka ga dama. Dogo ma ya yi, ya ce, "Yarinyar nan, Injiniya da kansa ya ce iska." Na ce masa ni mai neman mutum nake so. Ya dube ni, ya sosa ƙeya, ya sa mini a leda.

Ga kwalin nan ƙarƙashin tebur, ko ledarsa ban yage ba. Ina aiki ƙafata na taɓa shi. Mai jakunkuna ta ba ni wani tallan, ta ce wannan ne gwajin ƙarshe, don haka ba zan iya jira har abada ba. Dogo ya ce ranar Asabar zai zo da kayan aikinsa ya ɗaura. In ban ji daga gare ka ba zan bar shi ya sa, in koyi sautin famfon da kaina. Ai kunne gare ni. Tsohuwar fankar kuma Mama ta riga ta ce kar a jefar.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya haɗa fuskokinmu.

Taka har kullum,
Auta

*

Auta,

Salam. Ki gaida Mama.

Ranar Asabar Dogo ya hure ƙura, ya canza man furosesa, ya ara miki fanka mai ƙarfi ya ɗaura a gaban tsohuwar fankar tawa. Ki bar murfin gefe a buɗe, ki riƙa fitar da bidiyo da sassafe kafin ɗaki ya yi zafi. Za ta kai ki tallan mai jakunkuna, da wanda zai biyo baya.

Kwalin kuma kar kowa ya buɗe.

Ki duba durowar ƙasa, sukundirebana mai jan hannu yana nan?

Yayanki