Burodin Inna da Maganin Ango

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ba ki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya ƙara muku rufin asiri a inda kuke. Mu ma muna nan da godiyar Allah. Baban yara yana ta fama da motarsa, wadda zamanta a wurin bakanike ya fi tafiyarta a titi yawa. Babbar 'yata ta shiga aji na gaba, har ta fara gyara min magana. Ni kuma ina nan gidan burodi, har zuwa makon jiya ina fita da asuba, in dawo da azahar gari har cikin gira.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin na san idan na ji muryarki kuka zan yi, ga gidan ƙarami, Inna kuma kin san kunnenta. Maganar Ango ce. Har yau da wannan sunan ake kiransa, tunda Inna ta ce ta yi sabon miji ranar da na haife shi, ko shi da kansa ba ya amsa sunan yanka. Kin bar mu yana da ƙuraje a ka muna cewa zafi ne. Sauran labarin a gutsure kika riƙa jin sa, don ban so in ɗaga miki hankali: kunnen da ya yi ta ruwa, kumburin bayan kunnen, cikin da ya tashi. Sunan cutar histiyosaitosis, sai da na yi ta maimaitawa kafin bakina ya iya. Likitansa ya ce wasu ƙwayoyi ne daga cikin masu gadin jiki suke hayayyafa fiye da kima, su taru a ƙashi da fata da hanta su yi ta ɓarna, kuma ba kasafai ake ganin ta ba. An yi masa ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi wata da watanni. Gashin ya zube, cutar ko gezau.

Daga baya suka gwada ɗan naman da suka cira daga kumburin, suka gano wani canji a cikin ƙwayoyin, kamar makunnin fitila da ya maƙale a kunne. Aka ce akwai maganin da aka yi takanas don wannan canjin, shi yake nufa kai tsaye. Yaya, da idona na ga ikon Allah. Yaron da sai an ɗaga shi ya zauna, cikin 'yan makonni ya koma hawa kan tebur ina korar sa. Amma likita ya ja min kunne a kan abu biyu. Ya ce maganin danne cutar yake yi, bai cika tumɓuke ta ba, don haka babu fashi. Sannan a ba shi safe da yamma cikinsa babu komai, a jira awa guda kafin ya ci, domin abinci, musamman mai maiƙo, yana rage abin da ke shiga jini. Na yamma a hannuna yake. Na safe kuwa na bar wa Inna, tunda ni ina wurin aiki, kuma na yi mata bayani ta ce ta ji.

Makon jiya ina yi masa wanka, na kai soso bayan kunnensa, sai na ji wani abu a ƙarƙashin yatsana, bai fi ƙwayar wake ba. A daidai wurin da na farko ya fito. Sai na zauna a gefen bokiti, shi kuwa yana ta wasa da kumfa yana tambayata me ya same ni.

Washegari muka je asibiti. Likita ya duba, sannan ya shiga tambayata ko an taɓa tsallake magani, ko yana amai bayan ya sha. Na ce a'a. Sai ya juya wajen Ango, yana nuna masa kifayen da aka zana a bango, ya tambaye shi cikin wasa abin da yake fara yi idan ya tashi. Yaro ya washe baki ya ce matarsa tana shafa masa bota a burodi, ta soya masa ƙwai, ya cinye, sannan ta ba shi magani. Ya ƙara da cewa ta ce kada ya gaya wa Mama. Ya faɗa yana kallona yana dariya, shi a ganinsa ya ba ni labari mai daɗi.

Kin san halina, ba na iya haɗiye magana. Muna shiga gida na sami Inna tana ninke kaya, na ɗaga mata murya irin yadda ban taɓa yi ba tun da ta haife ni. Da farko ta tsaya a kan bakanta. Ta ce mu shida ta raina, ba ta taɓa ɗura wa ɗayanmu magani a kan yunwa ba, kowa ya san haka yana cinye hanji. Ta ce yaron yana tashi yana kuka yana riƙe mata zane, ga ƙamshin burodin da ni kaina nake kawowa, wace irin zuciya ce za ta hana shi? A zatonta ma likitocin ba su san ciwon yara ba ne. Sai na kama hannunta na ɗora a bayan kunnensa. Tana ji ta koma ta zauna a kan kayan da take ninkewa.

Ga inda muke yanzu. Likita ya ce ba zai iya rantsewa abincin ne ba. Za a ba shi maganin yadda ya kamata na wasu makonni, sannan a sake ɗaukar hoto. Idan kumburin ya sauka, to abincin ne, kuma an gyara. Idan bai sauka ba, mai yiwuwa cutar ta samo hanyar kauce wa maganin, sai a koma neman wata dabara, ciki har da ƙarin ruwan da bai yi mana komai ba a baya. Na roƙi mai gidan burodi ya mayar da ni aikin rana, yanzu ni nake ba shi da hannuna. Ina jin tsoro, Yaya. Kowace safiya sai na taɓa wurin, har yaron ya fara kauce min da kai idan na matso.

Inna ta daina karyawa. Takan zauna kusa da shi su jira awar nan tare, shi yana kukan yunwa ita tana yi masa waƙa, idan an kawo abinci kuma ta ce ta ƙoshi. Ta rame. Shekaranjiya na kai zuciyata nesa na je ɗakinta in ba ta haƙuri, na fara ce mata wataƙila ma ba daga ita ba ne. Ta katse ni. Ta ce in rufa mata asiri in daina faɗin haka, domin in ba ita ba ce, to maganin ne ya daina aiki. Ta ce tun ranar, duk sallar da ta yi abu ɗaya take roƙo, Allah ya sa laifinta ne. Ni ma abin da nake roƙo ke nan, kunya ce kawai ta hana ni furtawa.

Saboda haka ki kira ta, ke ce take jin maganarki. Ki lallashe ta ta ci abinci, ki ja ta da hira yadda kika saba. Amma don Allah kada ki ce mata ba laifinta ba ne. A gidan nan yanzu babu maganar da ta fi wannan ban tsoro.

Ki gaishe min da maigidanki, da takwarata, da tagwaye, da Gwaggo idan kin leƙa ta. Baban yara yana gaishe ku. Ku taya mu da wannan addu'ar, duk da na san tana da nauyi a baki.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Ango